Rigar da Aka Hana Jikarki Shiga da Ita

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar girmamawa irin wadda kika koya mana, ta durƙuso, tare da roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarsa. Mu nan Vénissieux, gefen Lyon a ƙasar Faransa, muna lafiya, ni da Malam da yaran uku. Na san ba karantawa za ki yi ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, kuma kafin a kai rabi za ki ce a tsaya haka nan, surutun ya isa. Amma na gaji, Inna, kuma duk wanda na ce wa na gaji sai ya ce in yi haƙuri, kamar ban taɓa jin kalmar ba.

Maganar jikarki ce, 'yar farina, wadda kike kira Ƙawa. Ta gama lise bana, wato sakandare, ta ci bak, jarrabawar fita, an ba ta wuri a jami'a a Saint-Denis, gefen Paris, karatun da take mafarki tun tana ƙarama. Saura ƙiris wurin ya kuɓuce mata, kuma a kan riga.

A nan idan yara suka gama lise, makaranta kan shirya musu wani taro da suke kira bal. Ana cin abinci, a sa kiɗa, a yi rawa, malamai na tsaye suna gadi. Lokacin da muka zo ƙasar nan ban ji ana yinsa ba, 'yan shekarun nan ne ya yaɗu. Da ta zo da maganar, Malam bai bari ta rufe baki ba ya ce a'a. Ni ce na yi ta bin sa har ya sauko. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙon mu komai ba, daga makaranta sai gida, sai rainon ƙannenta. Na ce masa in an hana ta wannan, me aka taɓa ba ta?

Kafin ranar aka kira iyaye taro a kan irin kayan da za a sa. Da kin ga abin dariya. Manyan mutane, wasu da furfura, sun zauna suna gardama a kan inda gwiwa ta fara da inda ta ƙare. Kada riga ta gaza gwiwa, kada baya ya fito, kada ƙirji ya fito, kada ta kama jiki. Wata uwa ta tashi ta ce ita tsoronta abin da zai faru bayan an tashi, cikin motoci. Wani uba ya ce shi maza ne da shi, kuma ba dutse ba ne su, a taimaka masa. Da aka zo kan mazan, magana ɗaya aka yi: su sa kwat, kada su zo da takalmin ƙwallo. Shi ke nan aka wuce.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi a ranar. Na ce yau dai ni da makarantar Turawa bakinmu ɗaya. Sai can ƙarshe madam mai kula da tarbiyyar ɗalibai ta ƙara da cewa taron na makaranta ne, don haka dokar makaranta tana nan, ba a rufe kai. Wannan mun saba. Shekaru ke nan jikarki na cire ɗankwalinta a bakin ƙofa ta cusa a jaka, ta mayar idan ta fito.

Na kudurta zan yi mata ɗinkin da ba mai cewa uffan. Na sayi shadda mai kyau, ruwan toka mai sheƙi, na ce doguwar riga za a yi, har idon sawu, hannu har wuyan hannu, da ɗan aiki a wuya. A Lyon ban yarda da hannun kowa ba. Akwai wani tela mutumin Maraɗi a Goutte d'Or, unguwar da muke sayen kayan miya idan mun je Paris, shi yake wa matanmu ɗinkin Sallah.

Kin san yadda muke yi. Namiji ba ya ɗora mana tef a jiki, tsohuwar riga ake kai masa ya bi ta. Haka kika yi mana a Damagaram, haka nake yi wa kaina har yau. Tana makaranta na buɗe wardin da take ajiye kayanta na ɗauko wata koriyar rigar Sallah da nake son yadda ta zauna mata. Da na je Paris bikin suna a gidan Hajiya Zainabu, matar wani ɗan garinmu da ke aiki a can, sai na biya na miƙa wa telan shaddar da koriyar rigar. Da ya gama, Hajiya ta ba wata mai zuwa Lyon ta kawo.

Na miƙa mata ledar a falo. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe. Ni kuwa ina wajen ƙofa ina ninke kayan wanki, na ce, "Ke, ta yi?" Ta ce, "Ta yi, Maman." Na ce, "To madalla." Iyakar abin da muka ce ke nan. Ban ce ta fito in gani ba. Yaushe na taɓa cewa ta tsaya in dube ta?

Ranar taron ina wurin aiki, a ɗakin gwajin ruwa inda nake tun kafin ki rasu. Na roƙi a sake ni da wuri aka ƙi. Ƙannenta sun ce ta fita lulluɓe da babban mayafi, ba su ga komai ba sai ƙasan rigar. Da na dawo, rana ba ta ma faɗi ba, kin san a watan zafi a nan sai an gaji da jiran magariba, na tarar da ita zaune a kicin da kayan gida a jikinta, kwalliyar fuskarta ba ta wanke ba. Na ce, "Har an tashi?" Ta ce, "Ban shiga ba." Ta tashi ta bar ni tsaye da jaka a hannu.

Daga bakin madam ɗin na ji sauran, a waya. Mutum biyu ne a ƙofa. Ta farko ta ce mata ta cire mayafin, ai ta san doka. Ta roƙa a bar mata shi a kafaɗa kawai, aka ce wannan zanen gado ne ba gyale ba, za ta shiga ta mayar da shi ka. Ta cire. Ta biyun ta dube ta daga sama har ƙasa, a gaban yaran da ke layi, ta ce rigar ta kama jiki fiye da kima, ba a shiga da irinta. Suka ce akwai wata babbar rigar wasanni da wani ya manta, ta ɗora a sama in tana so. Jikarki ta ɗauki mayafinta ta juya, ta hau taram, jirgin cikin gari, ta dawo gida.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Ashe wani yaro ya ɗauki hotonta daidai lokacin da ta cire mayafin. Ban san hanyar da ya bi ba, amma kafin mako ya zagayo yana wayar matan garinmu na Lyon da na Paris. Na gan shi ni ma. Inna, na rantse miki ban gane ta ba da farko. Mace na gani, cikakkiya, shaddar ta ɗame ta a ƙirji da ƙugu kamar za ta tsage, fuskarta a ƙasa.

Hajiya Zainabu ta kira ni. Gaisuwar ma a tsaye ta yi ta. Ta ce, "Rakiya, wannan ba ɗinkin da na gani ba ne. Wallahi yarinyar nan kai ta ta yi aka rage. Haka suke yi yanzu, franchement, gaskiya nake faɗa miki, ki buɗe idonki." Wata ta ce ai dama shiru-shirun nan ba banza ba. Wata ta aiko mini da wa'azi, ba sallama ba komai. Matan da nake kai wa kunun jego, Inna.

Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dubi hoton sau ɗaya ya kife wayar. Bayan ya gama cin abinci ya ce, "Wadda ta yi wannan muna kwana gida ɗaya da ita, me za ta yi idan ta je Paris?" Ya ce ba inda za ta. Ta zauna a Lyon, in ba a samu wuri bana ba, a jira baɗi. A gabanta ya faɗa. Ta kwashe kwanuka ta kai kicin.

Ni ma na yarda da maganar Hajiya. Me zai hana? Na san abin da na ce a ɗinka, na ga abin da ke cikin hoto. Sai na shiga kallon 'yata kamar baƙuwa. In wayarta ta yi ƙara sai in kasa kunne. In ta ce za ta laburare sai in tura ƙaninta ya ga ko can ta nufa. Ba irin tunanin da ban yi ba: wane yaro ne, tun yaushe, har ina aka kai. Na yi ta lissafin abubuwan da nake ji a wurin aiki, 'ya'yan abokan aikina da uwayensu ke raka su wurin likita tun suna lise, ana faɗa ana shan kafe kamar labarin kasuwa. Ita kuma ta koma sa manyan rigunan babanta, ta daina zama a falo. Gida ya yi tsit, har ƙananan suka daina faɗa.

Duk da haka na je makarantar, don haushi ya hana ni zama. Na ce wa madam, ku faɗa mini abu ɗaya in sani. Ta rufe jiki kun ce ta buɗe, ta buɗe kun ce ta rufe, a ƙofa ɗaya, cikin numfashi ɗaya. Wanne kuke so? Na yi zaton za ta ɗaga murya in samu abokin faɗa. Sai ta cire tabarau ta murza ido ta ce, "Madame, doka muke bi." Ta ce in ta bar wannan, gobe iyayen wancan za su zo. Na ga ita ma a gajiye take. Na fito ban samu komai ba, ko faɗan ma ban samu ba.

Wata Asabar ina gyaran ɗaki na ci karo da ledar a ƙasan wardi. Na ce bari in ga inda aka rage, in san da abin da zan tsare ta. Na juya rigar ciki waje na bi ɗinkin da yatsa, gefe da gefe, har hammata. Zare ɗaya ne, hannu ɗaya, ba wanda ya taɓa ta bayan telan. Koriyar rigar tana cikin ledar, ya maido ta tare. Na shimfiɗa ta a gado na ɗora shaddar a kai. Kafaɗa ta hau kafaɗa, ƙugu ya hau ƙugu, ba ragi ba ƙari. Tsawo kawai ya ƙara, don na ce masa har idon sawu.

Sai na zauna ina tuna yaushe aka ɗinka koriyar. Sallar shekarar da ta shiga lise ce, tana yarinya siririya. Tun daga nan ba ta ƙara sa ta ba, ni kuma ban tambayi dalili ba. Ina dafa mata abinci, ina duba sakamakonta, na san malamin da ba ta so, amma da za a ce in faɗi girman jikinta, na wancan lokacin zan faɗa.

Na kira ta. Ba da suna ba, kin sani, "Ke" na ce kamar kullum. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ga rigunan biyu. Na ce, "Tun ranar da kika gwada kin san ta matse ki?" Ta ce e. Na ce, "Me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Maman, me zan ce miki? In ce ina ne bai shiga ba?" Ta ɗan nuna ƙirjinta da haɓa, ta kawar da kai. Ta ce, "Ba mu taɓa yin irin wannan maganar ba. Kuma kin sha wahala kin je har Paris. Na ce zan rufa da mayafi, c'est tout, shi ke nan, ba wanda zai gani."

Na ce, "Da babanki ya ce ba za ki Paris ba fa? Da aka ce ke kika rage?" Ta ce, "Na jira ki tambaye ni."

Inna, ban taɓa jin nauyin magana irin wannan ba. Yarinya ta gwammace a kira ta 'yar iska daga Lyon har Paris, ta gwammace ta rasa karatunta, da ta ambaci jikinta a gabana. Kuma ban isa in ce ban san inda ta koya ba.

Ni ma 'yar farinki ce. Har kika koma ga Allah ban ji sunana a bakinki ba. Ba ki taɓa yi mini kitso a gaban mutane ba, in na dawo daga tafiya kowa ya rungume ni ke sai ki ce, "An iso?" ki ci gaba da tankaɗe. Ban taɓa jin haushi ba, don na san kunya ce, kuma na sha ganin kin ajiye mini malmalar tuwo mafi laushi kin ce ta kowa ce.

Amma ki tuna ranar da na fara ganin al'ada. Ban zo wurinki ba, ke ma ba ki neme ni ba. Da hantsi sai ga Gwaggo Hassu ta shigo da tsumma a ƙugu, ta ja ni bayan ɗaki ta koya mini komai, har da abin da ban tambaya ba. Ita ce ta dube ni wata rana ta ce, "Wannan rigar ta yi miki kaɗan, ko so kike samarin unguwa su faɗa rijiya?" Kaka kuwa ba ta da aiki sai tsokanata. Yanzu na gane ke kike aika su. Kina gani, ba ki dai faɗa, akwai masu faɗa a madadinki.

Ni na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na bar gwaggwannin a Damagaram. A hawa na sama a wannan dogon gini, wa zai ja ta bayan ɗaki? Maƙwabciyata 'yar Aljeriya ce, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Abin da jikarki ta sani game da jikinta a aji ta koya, daga bakin wani malami namiji, da ƙawayenta, da waya. Wannan aikinki ne, Inna. Ke ce za ki kama ta ki ce, "Ƙawa, zo nan in ga, yaushe kika zama haka?" ku yi dariya, a canza riga, a wuce wurin. Kin tafi tana firamare, aikin ya zauna ba mai yi.

Saura Malam. Kin san ba mu saba irin wannan zancen da shi ba, shekara nawa muna tare. Na yi ta juya maganar a baki har la'asar. Da ya shigo na ja shi ɗaki na nuna masa rigunan yadda na shimfiɗa su. Na ce, "Malam, ba ta rage komai ba. Awon yarinya na kai aka ɗinka wa budurwa. 'Yarka ta girma. Ban lura ba, kai ma ba ka lura ba, sai da Turawa suka lura a bakin ƙofa." Ya daɗe yana kallon gadon. Kunnuwansa ma kamar ba sa son jin abin. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Yaushe ne za su fara karatun?" Iyakar ban-haƙurin da ya iya ke nan, ita ma ta karɓa a haka.

Matan garinmu kuwa ban bi su gida-gida ba. Na faɗa wa Hajiya Zainabu gaskiyar abin, ta ce, "Ayya, Allah Sarki," ta shiga ba ni labarin ciwon ƙafarta. Na san bayanin ba zai yi tafiyar da hoton ya yi ba. Shi ya sa na rubuta wannan a inda za su gani. Wadda ta tura hoton, ta tura wannan ma in tana da hali.

Ta tafi. Mun raka ta tashar jirgin ƙasa, Malam yana ta yi wa akwati faɗa don kada a ga idonsa. Ɗakinta a Saint-Denis ƙarami ne, ta ce in ta miƙa hannu tana taɓa bango biyu. Makonnin farko wayarmu ba ta wuce kin ci abinci, kin yi salla, ana sanyi. Na ce to, haka za mu ƙare, ta tsira da karatunta, ni kuma na makara.

Ran Lahadin da ta wuce, da rana, ina yanka albasa, ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Maman, zan tambaye ki wani abu. Amma kada ki ce in bari sai na zo." Ta ce akwai wani yaro a ajinsu. Bakina har ya ɗauko "a'uzubillahi", hannuna yana neman dalilin kashe wayar. Na kashe wutar girki, na jawo kujera na zauna. Na ce, "Ina jin ki."

Ta yi magana mai tsawo. Abin da ta faɗa tsakanina da ita ne, ko ke ba zan gaya wa ba a gaban mutane. Na ba ta amsar da na iya, ina in'ina kamar mai koyon Hausa. Ban san ko daidai na faɗa ba. Gwaggo Hassu da ta yi shi tana dariya. Amma da za mu ajiye ta ce za ta sake kira ran Lahadi, kuma tun ranar nake jin tsoron Lahadin, nake kuma ƙosawa ta zo.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Gwaggo Hassu da Kaka a inuwa ɗaya. Ki yafe mini, zan yi abin da ba ki yi ba, ba don naki bai yi kyau ba, sai don ni kaɗai ce a nan. Allah Ya tsare mini ita a garin da ba ta da kowa, Ya rufa mata asiri, Ya ba ni bakin da zan amsa mata.

Taki, 'yar farinki,
Rakiya